Sara ko tono ko magani: wanne ya fi ga itatuwan da suka cinye bakin kududdufin kifi?

Duk wanda ya haƙa kududdufin kifi na ƙasa a fadama, ba na kankare ko na tamfol ba, har ya yi shekara uku huɗu yana kiwo, nasan ba sai na masa dogon bayani ba. Shekarar farko bakin ruwan fes kamar an share da tsintsiya, ta biyu sai kaga wasu 'yan tsirrai kamar tsinken sakace kace ai ba komai in na samu lokaci zan cire, ta uku kuwa ranar kwasar kifi zaka nemi inda mutum biyu zasu tsaya su ja koma ka rasa. Ni kududdufi biyu gareni, kowanne taku talatin a tsaye ashirin a kwance, ɗaya tarwaɗa ɗaya karfasa, kuma in banda katafila babu abun da ban gwada a kan itatuwan nan ba, ita ma ɗin na tsaya na kalli aikinta a gonar maƙwabcina daga farko har ƙarshe. Wasu hanyoyin sun min aiki, wasu kuɗi kawai suka ci, ɗaya kuma saura ƙiris ta ja min asarar kifin wata biyar.

Masu laifin dai an san su. Ta farko dalbejiya, wasu suce maina wasu dogon yaro, mutanen Nijar suce bedi. Asalinta ba 'yar ƙasa bace, daga Indiya ta fito, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, amma yau ta zama 'yar gida har ta fi masu gidan zaƙewa. Ba kai zaka shuka ta ba, jemagu da tsuntsaye ne zasu sha 'ya'yan can wani wuri su zo su yar maka da ƙwallon a kan jinga inda ƙasa bata rabuwa da laima, sati biyu uku ta fito. Sai turare, wanda wasu ke cewa zaiti, shi kuma daga Ostareliya aka kawo shi, can ma a bakin koguna yake rayuwa, don haka in ya samu bakin kududdufi ya dawo gida kenan. Sai ƙaidaji, mai ƙayar nan da ganyensa ke rufewa in ka taɓa shi, shi ne babban maƙiyin koma. Ta huɗu kuwa ni na jawo wa kaina ita da hannuna. Shekarar da zan yi shinge saboda awakin ƙauye na aiki yaron da ke kula min da wurin ya samo dirkoki, ya je ya saro rassan cediya ɗanyu shar ya kakkafa a kan jinga, na zo na gani har da yaba masa. Bayan wata biyu ina zagaye sai naga dirka ta yi ganye. Nace kai wannan fa? Yace "ai Oga alheri ne, shingen ya kama kenan, ba mai tuge shi." Gaskiyarsa, ba mai tuge shi ɗin, har ni.

Abun da cediya ta min shi wani icce da ake kira wilo yake wa masu tafkin kamun kifi a Ingila da Amurka, reshe ya karye ya faɗa cikin laka ya yi saiwa ya zama bishiya. A Ostareliya ma tun 1999 aka saka yawancin jinsinsa cikin jerin tsirrai ashirin da suka fi addabar ƙasar, kuma abun dariya ƙaidajin namu shi ma yana cikin jerin. Halin su ɗaya da namu, in ka sare su basa mutuwa.

Kafin mutum ya ɗau gatari ya kamata ya san me iccen yake ɓata masa, don ba kowanne ne abokin gaba ba. Ɓarnar da ta fi tsada ta saiwa ce a cikin jinga. Saiwa laima take bi, zata ratsa yumɓun da ka biya kuɗi aka danne, muddin iccen na da rai ita ta toshe ramin da ta yi, ranar da ya mutu ta ruɓe sai ta bar maka hanya kamar an binne tiyo, ruwa ya fara tsattsafowa ta baya, gafiya ta zo ta faɗaɗa, kai kuma kana ta ƙona fetur a injin ban ruwa kana zargin rana. Sai ganye. Ganyen da ya zuba a ruwa in zai ruɓe iskar da kifi ke shaƙa yake cinyewa, kuma abun ya fi muni da asuba don duk dare koren ruwa baya samar da iska sai dai ya ci. Tarwaɗa tana da wani abu a kanta da take shaƙar iskar sama da shi, zata jure sai dai ta rage cin abinci, karfasa kuwa ba ta da wannan gatan. Inuwa in ta yi yawa tana hana ruwa yin kore, alhali koren nan abincin karfasa ne na kyauta, ga duhuwar ta zama gidan guza da maciji, zalɓe ya samu wurin zama yana zaɓar wanda ya masa. Amma fa bishiya ɗaya ko biyu ta yamma, nesa da jinga, a zafin Afrilu rahama ce ga kifi da mai kifi, wannan ban ce a taɓa ta ba.

To sara kawai, wanda shi kowa ke farawa da shi saboda shi ne mai araha, adda da gatari da yini ɗaya an gama, har ka samu itacen girki. A ranar wurin zai yi kyau ka ɗau hoto. Amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Dalbejiya da turare ajiyar abincinsu a saiwa take, ka cire kan ka bar rumbun, sai kututturen ya turo toho goma inda da ɗaya ne, kuma tohon yafi uwar saurin girma tunda saiwar babbar bishiya ke ciyar da shi. Na sare wata dalbejiya mai kaurin cinya da kaka, kafin damina ta tsaya sosai tohon ya wuce kaina, har wasu suka ɓullo daga saiwar can taku biyar da kututturen. In kana son ka gane ƙarfin kututture ka dubi Maraɗi. Tun 1983 da wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa duk shekara kututturan itatuwa ne masu rai, aka fara barin toho ɗaya biyu ana gyara su, abun da ake cewa sassaben zamani, da shi aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Kututturan da aka yi shekaru ana sara basu mutu ba, kai kuma kana so naka ya mutu da sara ɗaya a wurin da ruwa baya yankewa.

Sara yana aiki ne kawai in an haɗa shi da naci. Wato duk tohon da ya fito a fige shi tun yana laushi kafin ganyen ya buɗe ya fara mayar wa saiwa abinci, duk sati biyu, ba fashi, har rumbun ya ƙare. Yana kashewa, na gani, amma lissafin shekara ɗaya zuwa biyu zaka yi, kuma in ka yi tafiyar wata biyu ko yaronka ya yi kasala an koma farko. Mai sauƙin sa shi ne ka sare kututturen dab da ƙasa ka lulluɓe shi da baƙar leda mai kauri ninki biyu, ko tsohon tamfol, ka zarce gefe da kamar taku ɗaya ka danne da ƙasa. Tohon zai fito a duhu fari sol ya ruɓe. A kan turare wannan ya min aiki sosai, a kan dalbejiya rabi da rabi saboda ita tana zagayewa ta fito ta wajen ledar. Ledar ma rana na cinye ta, sai ana dubawa. Awaki kuma da wasu ke cewa a sake su su yi aikin, eh da rani suna cin tohon dalbejiya in babu wani kore, amma turare ko kallo bai ishe su ba, kuma ƙafarsu na zubar da bakin jinga, ciyawar da kake so ta rufe wurin ita zasu fara cinyewa. Ni ban ga ribarsu ba.

Tono shi ne wanda in an yi an gama, kuma ga ƙananan itatuwa babu na biyunsa. Duk abun da bai wuce kaurin babban yatsa ba, ka bari a yi ruwan sama mai kyau, washegari da safe ka bi da hannu ko dagi, zasu fito da saiwarsu ɗungurungum, awa ɗaya ka gama zagaye. Wanda ya kai damtse sai diga da shebur da gatari, a tone kewaye a datse saiwoyin gefe a bi uwar saiwar ƙasa a yanke. Anan kuɗi ke fara magana, don leburori in sun ga kututturen dalbejiya jingar da zasu yanka maka sai ka riƙe baki, kaga an ba da jinga don a ceci jinga kenan. Kuma a tsaya a kansu, in ba haka ba zasu sare shi ƙasa kaɗan su rufe da ƙasa suce an cire. Ramin da aka bari ba a tura masa ƙasar da aka tono haka kawai, yumɓu ake zubawa kaɗan kaɗan ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Katafila kuwa na ga aikinta, kututture takwas cikin rabin yini, amma kuɗin kawo ta kaɗai ya isa sayen abincin kifi na wani lokaci, kuma duk kututturen da ta finciko da guntun jingar take tahowa, maƙwabcin nawa sai da ya sake gina kusan gefe guda. In dama zaka yashe kududdufin ko zaka faɗaɗa shi, to a haɗa aikin lokaci ɗaya, ta biya kuɗinta. Don itatuwa kawai, a'a.

Akwai sassaƙe ɓawo, dabarar tsofaffi. Wani dattijo masunci da ke zuwa taya mu jan koma shi ya nuna min, yace "ɗana ba a faɗa da icce da ƙarfi, yunwa ake sa masa." A zagaye gindin a cire ɓawo faɗin tafin hannu har sai an ga farin itace, a kankare santsin nan tas. Ruwa zai ci gaba da hawa sama ta cikin itacen amma abincin da ganye ke haɗawa ba zai sauko wa saiwa ba, a hankali ta rame. Ba ya cin ko sisi, kuma ya fi sara don saiwar na ta ciyar da kai ba a biyanta. Matsalarsa biyu. Dalbejiya da turare zasu yi toho ta ƙasan zoben, dole ka dinga figewa, kuma in bishiyar ta rankwafo kan ruwa ganyen duk a ciki zai ƙare, daga baya busasshen icce ya tsaya maka a kai yana jiran iskar farkon damina. Ya dace da bishiyar da ke can gefe inda in ta faɗi ba zata taɓa komai ba. Wuta kuma, a tara buntun shinkafa ko busasshen kashin shanu a kan kututture ya kwana biyu uku yana ci a hankali, tana kashe na fili in zafin ya kai wuyan saiwa, amma kada a kuskura a yi a kan jinga, wutar na bin saiwa ciki ta bar kogo, yumɓun ya tsattsage.

Yanzu maganin kashe ciyawa, inda mutane suka rabu biyu, wasu suce kar ya kusanci kifi ko da wasa wasu kuma komai feshi. Duka biyun akwai gyara, don feshi daban shafawa daban, ni kuma sai da na sha wuya na gane. Shekarar da toho ya ishe ni na ɗauki injin feshi na goyo na haɗa gilaifoset na bi bakin kududdufin karfasa gaba ɗaya, har rassan da suka leƙa kan ruwa, ina cewa ai a hankali nake yi. Kwana goma ganye ya yi rawaya ya fara zuba, duk a ruwa. Wata asuba yaron ya kira ni muryarsa na rawa, "Oga ka zo, kifi na salati." Na iso gari bai gama wayewa ba, fuskar ruwan gaba ɗaya bakuna ne, karfasa sun taso suna buɗewa suna rufewa, ruwan ya koma kalar shayi yana wani wari. Muka tada inji muka dinga zuba sabon ruwa daga sama yana fantsama, muka buɗe bututu ƙasa, muka shiga da kwando muna kwashe ganye har hantsi. Mun tsinci matattu sun kusa cika bokiti biyu, sauran Allah ya tsare. Garin neman gira na kusa rasa ido. Kuma abun haushi bayan wata uku rabin itatuwan suka sake tohowa. Daga baya na fahimci abu biyu suka haɗu, ruɓewar ganye lokaci ɗaya, da kuma sinadarin mai kamar sabulu da ake haɗawa cikin yawancin gilaifoset na gona don ya kama ganye, wanda shi yafi gilaifoset ɗin kansa illa ga kifi da talibambam. Don haka feshi a bakin ruwa mai kifi na cire shi daga lissafi kwata kwata.

Shafawa a kututture kuwa wani zance ne, kuma ga icce mai kaurin damtse zuwa cinya ita na zaɓa. Mutum biyu ake so, ɗaya na yanka ɗaya na biye da gwangwani da ɗan buroshin fenti. A yanke dab da ƙasa, a kwance ba a karkace ba don kar maganin ya gangare, a share garin katakon, nan take a shafa, kar a wuce minti biyar zuwa goma, saboda da zarar fuskar ta bushe iccen ya rufe hanyoyinsa kuma kayi asarar magani. Wanda ya sare yau yace gobe zai dawo ya shafa, ruwa ya shafa. Ba tsakiyar ake bi ba, zoben nan na gefe tsakanin ɓawo da itace shi ne mai rai, shi zai kai saƙon ƙasa. Gilaifoset ɗin da ke kasuwa, irin su Roundup da makamantansa masu giram 360 a lita, ana shafa shi yadda yake ko rabi magani rabi ruwa, ba irin haɗin feshi mai tsarari ba, kuma a duba takardar jikin galan. Ruwan haɗin ya zama na burtsatse mai tsabta, kar a ɗebo na kududdufi, laka tana kama maganin ta kashe masa ƙarfi. Wannan halin nasa na manne wa ƙasa shi ne ma dalilin da yasa ɗan abun da aka shafa baya tafiya ko'ina. Kaga bambancin, feshi lita goma sha biyar ne a iska, shafawa kuwa kofi ɗaya zai yi maka kututture ashirin. Ni nakan ɗiga shuɗin wanki a ciki don in gane wanda aka shafa.

Lokacin da ya fi shi ne bayan an kwashe kifi an sauke ruwa, kafin a zuba sabbin 'ya'ya, a ranar da babu alamar hadari. Ƙarshen damina zuwa kaka ya fi kamawa don lokacin icce na tura abinci ƙasa. A sa safar hannu ta roba, kar a ci goro ko a sha sigari ana aikin, kar a wanke buroshi a kududdufi. A 2015 sashen binciken cutar kansa (ciwon daji) na Hukumar Lafiya ta Duniya ya saka gilaifoset cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, wasu hukumomin a Turai da Amurka basu yarda da hakan ba, ni dai ba alƙali bane, safar hannu ba tsada gareta ba. Sai abu ɗaya da ba a faɗa wa mutane, in ɗan tohon da ka shafa daga saiwar wata babbar dalbejiya ya fito, maganin zai iya bi ya taɓa uwar, in inuwar maƙwabci ce ka jawo wa kanka zaman sulhu a ƙofar mai unguwa. Cediya kuma farin ruwanta na turo maganin waje, sai an goge an sake shafawa, wani lokacin ma sai an maimaita bayan wata biyu. Dalbejiya goma sha huɗu na yi wa haka, sha biyu basu sake motsi ba, biyun da suka yi toho na sake yanka na shafa suka bi sahu.

Farakwat, mai ƙona ciyawa cikin kwana ɗaya ɗin nan, kar a ɓata kuɗi, inda ya taɓa kawai yake ƙonawa baya sauka saiwa, ga shi guba ce da maƙurwa ɗaya ke kashe mutum, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ma ta sanar da haramta shi. Masu cewa a huda kututture a ɗura gishiri ko baƙin mai ko ruwan batir, don Allah a bari. Gishirin da zai kashe dalbejiya zai kashe ƙasar wurin ciyawa ta ƙi fitowa jinga ta zaizaye, baƙin mai kuma ruwan farko zai wanke shi cikin kududdufi, kifin ya ɗau wari, mai sayen da ya gasa sau ɗaya ba zai dawo ba.

Ƙaidaji nasa tsarin daban ne don shi ƙarfinsa a iri yake. Kwanson na kakkaryewa gunduwa gunduwa, kowace da gashi gashi tana yawo a kan ruwa, kuma irin na iya shekaru a ƙasa yana jira. In ka sare shi a fuskar ƙasa zai toho, amma in aka sa magirbi ko gatari aka datse shi ƙasa da fuskar ƙasa kamar faɗin tafin hannu, mutuwa yake, ba sai da magani ba. A yi kafin ya yi 'ya'ya, a ja shi can nesa a ƙona, kar a ƙona a wurin don zafi na tada irin da ke kwance. Kuma a sa rai da shekara uku huɗu ana tsintar 'ya'yansa. Kachalla ba icce bace, doguwar ciyawar ruwa ce, amma duk mai kududdufi a fadama sai ya gamu da ita, mutanen Hadejia da Nguru sun fi kowa sanin ta, tun bayan dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 da ruwa ya daina yankewa da rani ta toshe musu hanyoyin ruwa ta zama gidan tsuntsayen jan baki. Ita ta ganye take tura iska zuwa saiwa, don haka a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, a bar ruwan ya rufe guntun, sau biyu uku zata shaƙe. In ka yanke ta a saman ruwa aski ka mata. A kwashe abun da aka yanka a fitar, kuma inda ta fi kamawa a ƙara masa zurfi, bata son ruwa mai zurfi.

Inda ake tafka babban kuskure shi ne ƙatuwar bishiya da ta riga ta zauna a tsakiyar jinga. Injiniyoyin madatsun ruwa a Amurka ƙa'idar da suka fi bi ita ce wadda kaurinta bai kai inci 6 ba a yanke ta dab da ƙasa a hana ta toho, wadda ta wuce haka kuwa sai an tono kututturen da manyan saiwoyin an cike da yumɓu an danne. Ma'ana in ka shafa wa irin wannan magani ka tafi ka yi barci, ka kashe ta kam, amma bayan shekara biyu uku saiwar zata ruɓe ruwanka ya samu ƙofa. Don haka ko dai kana da kuɗin tono da cikewa a lokacin da kududdufin ke bushe, ko kuma ka barta da ranta ka dinga rage mata kai duk shekara don kar iska ta jijjige ta kuma ganye ya ragu. Kashe ta ka bar saiwar ya fi duka biyun muni. Sannan babbar bishiya, musamman irin su gawo da giyayya da kanya, a leƙa wajen malaman daji kafin a sa mata gatari, ko a gonarka take akwai wuraren da doka ta hana.

In wani ya tambaye ni yau, sai in fara tambayarsa kaurin iccen da inda yake tsaye. Mai kaurin yatsa hannu ne maganinsa, bayan ruwan sama. Damtse zuwa cinya, in kana da ƙarfin leburori kuma guda biyar shida ne, a tone, in sun kai ashirin talatin yanka da shafawa ya fi sauƙi da arha nesa ba kusa ba. Wanda zuciyarsa bata kwanta da magani ba ko kaɗan, ko masu sayen kifinsa sun sa masa sharaɗi, leda da naci zasu kai shi, sai dai ya san aikin shekara biyu ya ɗauka. Kuma duk wadda aka bi kar a bar jinga tsirara, a dasa ciyawar kiri-kiri a sama da gangaren, ciyawar jema kuma a layi ta gindin baya inda ruwa ke zaizaya, in ciyawa ta rufe ƙwallon dalbejiya baya samun wurin kamawa da sauƙi. Ni yanzu duk Juma'a da safe kafin a ba kifi abinci yaron ke zagayawa da dagi, kuma taku goma sha biyar daga gindin jinga ba a barin komai ya yi itace.

Dirkokin cediyar nan tara ne suka kama. Bakwai mun yi maganinsu tun suna damtse. Biyu na yi sakaci sun wuce inci shidan, suna kusurwar gabas ta kududdufin tarwaɗa, duk watan Maris sai an hau an rage musu kai a ba tumaki ganyen, ina jiran shekarar da zan yashe kududdufin in haɗa su da katafila. A ƙarƙashin ɗaya daga ciki yaron ya kafa bencinsa.